Kafso Ba Gyaɗa Ba Ne

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Ungogo

Iyayena da 'yan'uwana, yau maganarmu a kan kafso ce, ja-da-baƙi da ja-da-yalo, waɗanda muke saye a kemis ko wurin mai talla ranar kasuwa. Likitoci suna kiransu antibayotik. Aikinsu kashe ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Ba sa maganin mura, ba sa maganin gajiya.

Ku manoma ne. Idan mutum ya tsinka maganin feshi da ruwa ya fesa wa wake, ƙwari masu rauni za su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa. A kwana a tashi, ko ya fesa ba za su ji ba. To, haka ƙwayoyin cuta suke. Duk sanda aka sha kafso ba bisa ƙa'ida ba, masu taurin ne ke saura a jiki.

A asibiti abin ya fi muni. Can ne marasa lafiya suka taru, ga raunuka a buɗe, ga allurai kullum. Ƙwayar da ta gagari magani tana bin hannu da zanen gado da kayan aiki, ta shiga jikin matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ko jariri, ko wanda ya ƙone. Likita ya yi allurar farko, shiru. Ya koma wata mai tsada. Kwanaki su tafi, a sayar da akuya, wani lokaci har a rasa rai.

Baturen da ya gano maganin fenisilin a 1928, Alexander Fleming, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan abin da bai isa ba zai koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma ta fi yin ɓarna a Afirka ta Yamma.

Mu ma mun gani. Kun tuna mashaƙon da ya ɓarke a Kano ƙarshen 2022, Ungogo tana cikin inda ya fi tsanani. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci likitoci su fifita wasu magunguna a kan fenisilin wajen mashaƙo, domin ƙwayar ta fara gagararsa.

Saboda haka ina roƙonku. Kada a sha kafso sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. A sha yadda ya ce, ba guda biyu a ajiye ba. Kada a ba wani ragowar. Kada a barbaɗa wa kaji barkatai. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa majinyaci da bayan ya taɓa shi. A kai yara rigakafi.

Yanzu kun iya karatu, ku riƙa karanta takardar magani. Allah Ya ba mu lafiya, amin.