Zumunta a Ƙafa Take: Labarin Malama Johanna ta Lupwe

 

Dattawa sun ba mu wannan sa'a domin mu yi magana a kan aikin mata cikin Bishara. Da muka zauna muna tunani, sai muka ga gara mu ɗauki labarin mace guda ɗaya mu bi shi daga fari har ƙarshe, gama mutum ya fi riƙe labari da yawan gargaɗi. Sunanta Johanna Veenstra. Ba a ƙasarmu ta yi aiki ba, a Nijeriya ne, wajen Takum, kudu da kogin Binuwai. Amma da harshen nan namu na Hausa ta yi aikinta, sabo da haka muna da rabo cikin labarinta.

An haife ta ran 19 ga Afrilu, 1894, a garin Paterson cikin Amurka. Ubanta fasto ne, ya kuwa rasu tun tana ƙaramar yarinya, bai daɗe da shiga aikin ba. Uwar ta buɗe ɗan kanti domin ta ciyad da 'ya'yanta. Johanna tana da shekara 14 ta soma aikin akawu a birnin Niyu Yok. Ku lura fa, marainiya ce, 'yar mai kanti. Ba daga gidan sarauta ko gidan dukiya Ubangiji ya ɗauko ta ba.

Bayan ta ba da ranta ga Almasihu ta shiga makarantar koyon aikin Mishan. A cikin 1915 ta ji wa'azin Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa Sudan United Mission a 1904. A zamanin nan idan Turawa sun ce Sudan, suna nufin dukan ƙasashen da ke kudu da hamada, daga yamma har gabas, watau har da inda muke zaune yau. Maganarsa ta kama zuciyarta, ta ce za ta tafi.

Amma ba a bar ta ta tafi nan da nan ba. Dokar Mishan ita ce sai mutum ya cika shekara 25, ita kuwa tana da 21. Shekara huɗu ke nan na jira. Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta yi aikin Bishara cikin birni a ƙasarsu, ta ƙara karatu, ta kuma koyi aikin ungozoma. Ku 'yan mata, ku riƙe wannan da kyau: abin da ta koya cikin kwanakin jira, shi ne ya buɗe mata ƙofofin gidaje daga baya.

Akwai wani abu kuma mai nauyi. Ekklesiyarta, wadda a ke kira Christian Reformed Church, ba ta ɗauki aikin Sudan ba a lokacin nan. A 1920 ƙasar Sin ta zaɓa. Sai Johanna ta tafi a ƙarƙashin Sudan United Mission, waɗansu masu bi na ekklesiyarta suna taimakonta da kuɗi da addu'a. Ba ta yi fushi ta rabu da ekklesiyarta ba, ba ta kuwa fasa tafiya ba.

Cikin watan Oktoba 1919 ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Daga can ta sake shiga wani, ta sauka Ikko cikin Janairu 1920. Ta yi wajen shekara guda tana koyon Hausa da halin ƙasa, kāna cikin Fabrairu 1921 ta isa Lupwe, kusa da Takum, a tsakiyar mutanen Kuteb, waɗanda da yawansu a bisa duwatsu su ke zaune a zamanin nan. Bayan shekara biyu aka danƙa mata riƙon tashar.

To, ina irin zamanta na kowace rana? Abin da ta tarar a Lupwe ɗakunan ƙasa ne kaɗan, waɗansu ba a ma gama su ba, ba daɓen kirki, ba kayan ɗaki, ga gara ta ko'ina. Ku da kuka san gara kun san ba ta jin kunyar littafi ko akwati ko ginshiƙi. Ga sauro da zazzaɓi, ga kewa, gama wasiƙa daga gida takan yi makonni da yawa a hanya.

Aikinta kashi uku ne. Na fari, magani: wanke gyambo, da ɗaure miki, da duba masu zazzaɓi, da taimakon mata wajen haihuwa. Na biyu, makaranta: ta kafa makarantar kwana a Lupwe inda samari suka koyi karatu da rubutu da Maganar Allah, domin su koma su koya wa danginsu. Na uku, wa'azi. Ku tuna kuma, Littafi Mai Tsarki dukansa bai fito da Hausa ba sai 1932. Yawancin shekarunta da sassa-sassa ta yi aiki. Mu da muke da shi cikakke a aljihu, har a cikin wayar hannu, me za mu ce?

Ba ta zauna a tasha tana jiran mutane su zo ba. Takan fita rangadi, wani lokaci a kan keke, wani lokaci da ƙafa, ta yi kwana da kwanaki tana bin ƙauyuka. Ƙasar nan kuwa ba kamar tamu ba ce. Da damina rafuka sukan cika, ciyawa ta fi mutum tsawo, hanya ta zama taɓo, inda keke ya kāsa sai a ɗauke shi a kai. Hawan dutse kuwa sai ƙafa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mutumin da ka hau dutse domin ka gaishe shi, ka kwana a garinsa, ka sha ruwan randarsa, shi ne zai saurare ka sa'ad da ka buɗe baki.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai waɗanda suka ɗauki kayanta a kai, da waɗanda suka nuna mata mashigin rafi, da waɗanda suka juya maganarta daga Hausa zuwa harshen gari, da matan da suka dafa mata abinci. Yawancinsu ba a rubuta sunayensu cikin littattafan Turawa ba, amma Ubangiji ya san su. Ita kanta ta gane wannan, domin haka ta nace a kan cewa ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta: masu bi na ƙasa su riƙe aikin da abin hannunsu, su bi da al'amuransu, su kai Bishara ga maƙwabtansu. A 1926 aka buga littafin da ta rubuta da Turanci a kan aikin, ya kuwa motsa zukatan mutane a ƙasarsu. Daga baya waɗansu mata uku daga ekklesiyarta suka biyo ta Lupwe.

Cikin Maris 1933 ta kamu da ciwo. Ta yi doguwar tafiya zuwa asibitin Mishan a Vom, kusa da Jos. Ciwon 'yar hanji ne, wanda likitoci ke kira afendis. Aka yi mata aiki, amma ba ta tashi ba. Ta rasu ran 9 ga Afrilu, 1933, ranar Lahadin Dabino, saura kwana goma ta cika shekara 39. A Vom aka binne ta.

Ga idon mutum, aikin ya yanke a tsakiya. Amma a 1940, shekara bakwai bayan rasuwarta, ekklesiyar nan da ta zaɓi wata ƙasa da fari ta karɓi aikin Lupwe ya zama nata. Masu bi suka yawaita a ƙasar Takum da Wukari da Donga, a cikin abin da ya zama Jihar Taraba a 1991, har aka sa wa makarantar koyon aikin fasto ta Donga sunanta. Ta shuka, ba ta ga kaka ba.

Yanzu fa, 'yan'uwa, mu komo gida. Mu masu-bishara maza, idan mun isa gari, a ina mu kan tsaya? A zaure. Mu gaisa da maigida, a kawo mana ruwa, mu yi magana, mu tashi. Can ciki kuwa akwai mace mai naƙuda kwana biyu, akwai yaro mai gudawa da idonsa ya faɗa, akwai tsohuwa da ba mai ɗebo mata ruwa. Ƙafarmu ba ta wuce zaure, daidai ne kuwa, gama al'adar ƙasa ke nan, muna girmama ta. Amma 'yar'uwarmu takan yi sallama ta shige. Rabin gari yana bayan zaure, ba kuwa mai kai wa gare shi sai mace.

Duk da haka, me mu ke yi da 'yan matan da Ubangiji ya ba su wannan zuciya? Za mu faɗi laifinmu a gabanku. Wata yarinya a gundumarmu ta gama koyon aikin jinya, ta zo ta ce mana, "Baba, ina so in riƙa zuwa ƙauyukan da ba su da ɗakin magani, ko da ran kasuwa kaɗai." Muka ce mata ta bari tukuna sai ta yi aure. Ta sake zuwa, muka ce babu kuɗin mota. Ba ta zo ta uku ba. Ta sami aiki a birni, ba mu kuwa ga laifinta ba. A damanar nan aka kawo mana labarin wata mace a ɗaya daga ƙauyukan da ta ambata, ta rasu wajen haihuwa a kan amalanke, ana hanyar kai ta asibiti. Ba mu ce da yarinyar tana can da matar ta rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma mun san mu ne muka rufe ƙofar.

Iyaye, mun san tsoronku, mu ma muna da 'ya'ya mata. Hanya ba ta da lafiya a wurare da yawa, bakin mutane kuma ba ya shiru a kan budurwa mai yawan tafiya. Ba mu ce a tura yarinya ita kaɗai cikin haɗari ba. Ga abin da mu ke roƙo. Kowace ekklesiya da ke da irin yarinyar nan, ta sa ta ta koyi aiki sosai tukuna, jinya ko ungozoma ko koyarwa, yadda Johanna ta yi. A haɗa ta da dattijuwa daga zumuntar mata, su tafi su biyu. Dattawa su riga su zuwa, su gai da mai gari, su nemi izini, a san gidan da za su sauka. A ware mata kuɗin mota da na magani da na abinci daga baikonmu, kada a bar ta tana roƙo. Ta kuma yi wa kowa magani, Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni, ba tare da ta sa wa kowa sharaɗi ba, gama jinƙai ba ciniki ba ne.

Ku karanta labarin Dokas cikin Ayyukan Manzanni sura 9 idan kun koma gida. Sa'ad da ta mutu, gwauraye mata suka taru suna kuka, suna nuna tufafin da ta ɗinka. Aikin hannunta ne ya yi mata shaida.

Ku 'yan mata da ke zaune can baya, idan akwai wadda zuciyarta ta motsa yau, kada ta ji kunya. Bayan sujada ta sami uwar zumunta ta faɗa mata. Mu kuwa dattawa da masu-bishara mun yi alkawari a gaban taron nan, wannan karo za mu saurara.

Ubangiji ya ba mu ƙafafun tafiya da hannuwan taimako, ya tsare masu fita da masu komowa, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.