Dara, Kunkuru da Kyanwa: Koyar da Rubuta Manhaja ta Hanyar Wasa

Laccar da aka gabatar a unguwar Tanghin, birnin Wagadugu

 

Da yawa daga cikinmu, in aka ce rubuta manhajar kwamfuta, sai mu ɗauka sai wanda ya je makarantar ilimin kwamfuta ta Bobo-Julaso ko Jami'ar Joseph Ki-Zerbo. Gaskiya can ake ƙwarewa. Amma tushen abin guda uku ne: jera umarni daki-daki, maimaita shi, da kafa sharaɗi, wato in kaza ya faru a yi kaza. Duk yaron da ya iya dara ya riga ya san na ukun. In ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka, in ka jera huɗu ba ka ci komai ba. Kwamfuta ma haka take: abin da ka faɗa mata take yi, ba ruwanta da abin da ke zuciyarka.

A 1967 Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro Logo, inda daga baya aka sa wani ɗan kunkuru da yaro ke ba umarni ya yi zane. A ce ana so kunkurun ya zana murabba'i. Yaro zai rubuta: gaba 100, dama 90, ya sake, ya sake, ya sake. Ran da ya gaji ya tambaya ko babu gajeriyar hanya, ran nan ya kamata malam ya nuna masa "maimaita sau 4", ba kafin nan ba. In kuwa ya sa 80 a maimakon 90, zanen zai karkace a gaban idonsa. Ba wanda ya tsawata masa, ba bulala, shi da kansa zai koma neman inda ya kauce. A ganina wannan ne babban amfanin wasa, domin rabin aikin mai rubuta manhaja farautar kuskure ne. An kai Logo Dakar tun 1982, saboda haka ba baƙo ba ne a yankinmu.

Jikan Logo shi ne Scratch, mai tambarin kyanwa, wanda Mitchel Resnick da tawagarsa a jami'ar MIT suka fitar a 2007. Umarnin ya zama tubala masu launi da ake haɗawa, kyauta ne, akwai shi da Faransanci, kuma in an sauke shi yana aiki ba intanet. Da shi shirin Africa Code Week, da aka fara a 2015, ya koyar da yara a ƙasashen Afirka da dama.

Na san za a ce ina kwamfutar, ina wutar, musamman a zafin Afrilu. Amma akwai mafita: Tim Bell na ƙasar New Zealand ya tsara darussa da ba sa bukatar na'ura ko ɗaya. A zana gidaje a ƙasa, yaro ɗaya ya zama kunkuru, sauran su rubuta masa umarni a allo, shi kuma kada ya taka ko taku ɗaya da ba a rubuta ba.

Sai dai akwai tarko, kuma malamai ku ji ni da kyau. Yaro na iya cinye matakan wasan koyon manhaja duka, ya tara taurari, a ba shi shafi fari ya kasa rubuta komai. Ya yi wasan da wani ya gina ne kawai. Don haka bayan makonni kaɗan a juya aikin: shi zai gina nasa. A ce ya sa kyanwa ta shayar da komi goma na latas kamar masu lambu na bakin dam ɗinmu, ko ya koya wa kwamfuta dokokin dara. Daga nan a tsallakar da shi zuwa yaren rubuta manhaja na Python.

Iyaye, roƙona gare ku biyu ne. Ku turo 'yan mata tare da maza. Kuma in yaro ya dawo gida, kada ku tsaya kan maki nawa ya ci, ku ce ya nuna muku abin da ya gina.