Komawa Kan Tauraro Ɗaya Dare Bayan Dare: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



Mu da ke zaune a Kano da Kaduna da Legas, fitilu sun raba mu da sararin sama. Kaza da 'Ya'yanta da muka taso muna nunawa da yatsa, yau sai mun zo gida muke ganinta sosai. Kewaye da waɗannan taurari akwai wani shuɗin hazo da ido ba ya kamawa, sai kyamarar da aka ɗaura wa madubin hangen nesa ta shafe sa'o'i tana tara haske. Sau da yawa dare ɗaya ba ya isa. Akan ɗauki hotuna masu yawa cikin darare uku ko huɗu, kwamfuta ta haɗe su. A shekarar 1995 madubin Hubble ya yi kwana 10 yana kallon gurbi ɗaya, aka haɗa hotuna 342, tarin taurari kusan 3,000 suka bayyana.

Wahalar ita ce komawa daidai inda aka tsaya jiya. Sama ba ta jira. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace sa'a, kuma kowane tauraro kan riga lokacin fitowarsa na jiya da kusan minti 4. Wanda ya dogara da agogo da kan bishiyar kuka, ya yi kuskure tun kafin ya fara.

Tushen aikin shi ne daidaita sandar da madubin ke juyawa a kanta da Tauraron Arewa. A nan ƙasarmu abin da ɗan wuya, domin tsayinsa a sama daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya: a Kano digiri 12 kacal, ƙasa-ƙasa, inda ƙurar hunturu ta fi kauri. Shi kansa bai zauna cif a kan cibiyar ba, ya kauce da fiye da faɗin wata.

Sauran aikin kwamfuta ta sauƙaƙa shi. Kyamara ta ɗauki hoto na 'yan daƙiƙoƙi, manhaja ta gwada jerin taurarin ciki da taswirar sama, ta gane inda madubin ke kallo, ta matsar da shi har ya dace da hoton jiya. Amma ba za ta juya kyamarar da aka kwance aka mayar a karkace ba. Gefunan hoton sai a yanke su a zubar. Don haka a bar kyamara a ɗaure, ko a yi mata alama da fenti.

A ganina, duk wanda ya yi niyyar sayo wa makarantar garinmu irin wannan madubi, ya haɗa da buhun siminti. A gina ginshiƙi a fili, inda arewa ke buɗe, a kafe mazaunin madubin a kai. Mai ƙafa uku da ake naɗewa kowace asuba yakan cinye farkon kowane dare wajen sake daidaitawa.