Birki Ba Ya Mutuwa Farat Ɗaya

Gaisuwa gare ku makiyaya da dillalan shanu na Adumri da Ngong, da 'yan kasuwar Lahadi ta Pitowa, da direbobinmu masu bin hanyar Gashiga da Demsa zuwa Yola, da na Figil masu tsallakawa Lere. Yau maganar birki za mu yi.

Yawancin motocin da ke ɗaukar mu da kayanmu tsofaffi ne: Hilux, Hiace, Carina, da Peugeot 504 a-kori-kura. Sun sha aiki a Turai kafin su iso nan, suka zo suka tarar da ƙura da rana da lodin da ya fi ƙarfinsu. In an yi haɗari, sai ka ji an ce birki ne ya tsinke. To amma birki ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan yi makonni yana ba da alama a ƙafar direba da hannunsa.

Mu fara da ƙafa. Malam direba, da safe kafin ka tashi, taka birki ka riƙe shi kamar rabin minti. In ka ji shi laushi kamar soso, iska ta shiga bututu, ko man birki ya yi ƙasa. In ya tsaya da farko, sannan ya riƙa nutsewa a hankali har ya kusa taɓa ƙasa, to ko dai mai na yoyo, ko robobin babban famfo, wanda makanikai ke kira masta, sun gaji. Buɗe gaban mota ka duba kwalbar mai, sannan ka leƙa bayan kowace taya. Jiƙa a nan yoyo ne, kuma motar da ke yoyon man birki ba ta tafiya ko'ina sai gareji.

In kuwa ba ya kamawa sai ka taka sau biyu ko uku, sau da yawa takalman birkin baya ne suka cinye, suka yi nesa da kwanon da suke gogawa. Ana matso da su, in sun ƙare a sake.

Akwai kuma birki mai tauri kamar dutse, ka danna da duk ƙarfinka mota na ci gaba da tafiya. Wannan matsalar sabo ce, wato baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, mai ƙara wa ƙafarka ƙarfi. Gwajinta ba wuya. Kashe inji, taka birki sau biyar, ka riƙe, sannan ka tada mota. In tana da lafiya, za ka ji birkin ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In bai motsa ba, a duba tiyon da ke zuwa tukunyar, ko ya tsage ko ya zare.

Sai hannu. Nemi fili ko hanyar da ba kowa, ka yi gudun kilomita 30 a awa, ka taka birki da ƙarfi, hannunka sakwa-sakwa a kan sitiyari. Mota lafiyayya tana tsayawa a miƙe. In ta fizge ka hagu ko dama, fara duba iskar tayoyi, don taya mai ƙarancin iska ma tana jan mota. In iska daidai take, to ka riƙe wannan: mota tana karkata ne zuwa gefen da ya kama. Ke nan in ta ja hagu, sau da yawa ciwon yana dama. Ko fistin ya yi tsatsa ya maƙale, ko maiko ya ɓata abin gogawar, ko tiyon roba ya kumbura ta ciki ya hana mai wucewa. Bayan tafiya kuma, kusantar da hannunka ga kowace taya ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta bai saki ba. Wadda ta yi sanyi ƙalau, ba ta aiki. In sitiyari na rawa lokacin taka birki, faifan gaba ne ya lalace. In ka ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, fata ta ƙare. Kada a jira ta kai haka, da kaurinta ya sauko milimita 3 a sake ta.

Wajen gyara, doka ɗaya ce ba a karya ta: abin da aka sake a hagu, a sake shi a dama. Wanda ya sayi na gefe ɗaya don rage kuɗi, shi ya sayo wa motarsa karkata. Araha ba ta ado. Bayan an taɓa bututu ko famfo, a fitar da iska, mutum ɗaya na takawa, ɗaya na buɗe ƙusar. A yawancin tsofaffin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta dama.

Yanzu man birki. Shi wannan mai yana shan ruwa daga iska, ko mota na ajiye. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma in ya sha ruwa kaɗan, ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari, DOT 3 kan tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. In ya tafasa sai ya zama tururi, ka taka birki ka ji ba komai. Shi ya sa ake zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Ku sayi wanda murfinsa ke rufe, ku guji wanda aka ɗura a gorar ruwa.

Ina zancen tafasa zai fi damun mu? A gangaren Mbe, a babbar hanyar Ngaundere zuwa Garwa. Ngaundere tana kan tudu sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana kwarin Binuwai, wajen mita 200. Mai saukowa da lodi, ƙafarsa kan birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa ya dafa mansa. Balle a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40. Giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Kada a sa mota firi don tattalin mai. In ka ji warin ƙuna, tsaya a wuri mai kyau, sa dutse a taya, ka bari ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa.

Dabaru biyu na bakin hanya nake roƙon ku ku bari. Na farko, zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Ruwa na tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa. Man inji ma haka, yana kumbura robobi. Na biyu, toshe bututun tayar da ke yoyo da ƙusa ko matse shi da filaya. Mota ta koma birkin taya uku, ranar da yaro ko saniya suka faɗo hanya, sai ta juya da ku.

Masu a-kori-kura, ga taku. Hilux da ire-irenta suna da wata 'yar na'ura a baya mai auna nauyi, tana ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda mota ta zauna. In aka ƙara sifirin don ɗaukar buhuna da yawa, sai na'urar ta ɗauka mota ba kaya, ta rage wa baya ƙarfi. Ku sa makanike ya daidaita ta. Da damina kuma, in kun ratsa mayo, ku riƙa ɗan taka birki a hankali har ya bushe. Ku tuna, in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninka huɗu.

Kai kuma Alhaji, ko Ardo, da ka ɗauki shata don kai dabbobinka kasuwa, kana da ta cewa. Kafin a yi lodi, ka ce direba ya taka birki a gabanka, ka leƙa bayan tayoyi. In ka ga yana famfa ƙafa kafin mota ta tsaya, ko yaron mota na dirowa da katako don tare taya, nemi wata motar. Takardar bizit teknik da ke aljihunsa ba ita za ta tsayar da mota a gangare ba. Kasuwar da ka rasa yau za ta sake ci mako mai zuwa.

Nan za mu dakata. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.