Mai Bin Sawun Majinyaci: Darasi Daga Illela



Yau muna so mu jawo hankalinku ga wani ma'aikacin lafiya da ba a cika ambatonsa ba, wato mai bin sawun majinyaci. Aikinsa shi ne ya riƙe lamarin marar lafiya tun daga ranar da aka gano cutarsa har ranar sallama: ya adana katinsa, ya tuna masa ranar komawa asibiti, in ya ɓace kuma ya nemo shi.

Bari mu ɗauki Illela misali. Tsakaninta da Birnin Konni ta ƙasar Nijar 'yan kilomita ne, jama'ar kuwa ɗaya ce, ga auratayya ga cin kasuwa. To, a ce an sami wani manomi daga tsallaken iyaka da tarin fuka. Maganin kyauta ne, amma sai an sha shi wata 6 ba fashi: iri 4 a wata 2 na farko, sannan iri 2 a sauran wata 4. Da tari ya lafa, sai bawan Allah ya ɗauka ya warke, ya koma gona. Nan ne fa ɓarnar take, domin cutar tana iya dawowa da ƙarfin da zai bijire wa magani, ta kuma kama iyalinsa.

Kada mu manta an rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ita kuwa cuta ba ruwanta da shingen kwastan. Bugu da ƙari, katin asibiti a nan da Turanci ake rubuta shi, a can kuwa da Faransanci. Wa zai haɗa wannan da wancan? Sai mai bin sawu, wanda ya san mai unguwar majinyaci da lambar wayar ɗan'uwansa, ya kuma rubuta wa takwaransa na can inda aka tsaya.

Saboda haka, 'yan'uwa, musamman masu karatun likita da aikin jinya, kada mu raina wannan aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu koyi Faransanci ko yaya yake, mu saba da tambayar marar lafiya inda yake kwana kafin mu miƙa masa magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.