Kuɗin da ya shigo ta waya

 Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a cocinmu, kuma abin da ya faru da ni zan gaya muku.

Da, a kwano ake saka baiko. In an tashi sujada mu uku ne za mu zauna mu ƙirga, kowa na ganin hannun kowa. Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, takardar naira ta yi wuya, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Shi kuwa kuɗin waya ko tsakar dare zai shigo, babu mai gani sai mai riƙe da wayar.

Wata mama ta turo naira 20,000 na ankon taro. Na ga alat, na rubuta. Ran Lahadi ta ce wa sakatariya "na biya", ita ma ta rubuta a nata littafin. Da muka haɗa lissafin wata, sai aka ƙirga kuɗin sau biyu. Littafi ya ce akwai, banki ya ce babu. Kuma laifina a nan, lambar asusuna na kaina na ba mutane, wai don sauƙi. To wa za a zarga? Mako uku mata na gaishe ni da ƙyar. Har akuyata na yi niyyar sayarwa in cike, kafin muka gano inda kuskuren yake.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka ana ɗaukar hoton cek da waya, kuɗin ya shiga asusun coci ba a je banki ba. Amma takardar tana nan a hannu, wani zai iya sake kai ta. Shi ya sa suke rubutawa a bayanta cewa ta waya aka shigar, su adana ta har kuɗin ya tabbata.

Mu ma mun gyara. Mun buɗe asusu da sunan ƙungiya, sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi. Littafi ɗaya ne tak ake rubuta kuɗin waya: rana, sunan mai turowa, sunan mai kuɗin (don sau da yawa ɗa ne ke tura wa uwarsa), da abin da aka biya. Hoton alat da wani ya nuna mini a wayarsa ba na karɓa, don akwai na bogi. Sai na ga kuɗin ya zauna a asusunmu nake yanka rasit. 'Yan kuɗin da banki ke cirewa da na mai POS, ko naira 50 ce, tana da layinta.

Ƙarshen wata sakatariya ke karɓo takardar bayanin asusu daga banki, ba ni ba. Ita ke karantawa da ƙarfi, ni ina bin littafi da biro.