Shirin Tafiya Neman Magani Ƙasashen Waje: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Shekara

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata.

Da yawa daga cikin 'ya'yan garinmu suna neman abinci a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Idan ciwo mai tsanani ya kama ɗayansu, musamman ciwon ƙoda, sai ka ji an ce a fita da shi Indiya ko Masar, a sayar da gona a gida, a shiga hannun dillalai. Don haka muke kawo waɗannan shawarwari.

Da farko a fara da gida. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun shekarar 2002, kuma rahoton likitan nan shi ne abin da asibitin waje zai fara nema. Sai asibitin can ya aiko da takardar gayyata da ƙiyasin kuɗi kafin a nemi biza.

Indiya tana da bizar jinya ta musamman, ana kuma ba masu rakiya, waɗanda ba sa wuce mutum biyu. Fasfo ya kasance yana da sauran wata shida aƙalla. Katin rigakafin shawara wajibi ne, kuma ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida.

Game da dashe, dokar Indiya ta 1994 ta haramta cinikin sassan jiki. Mai ba da ƙoda dole a tabbatar da dangantakarsa da majinyaci ta takardu, kwamiti kuma ya amince. Duk dillalin da ya ce zai samo mai sayarwa, kurkuku yake nuna muku.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin jinya ya ninka. A lissafa masauki da abinci da maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa. Ma'aikaci kuma ya karɓi izinin hutu a rubuce, kada ya dawo ya tarar an maye gurbinsa.

Muna roƙon wannan taro ya amince da kafa asusun lafiya, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.